Geron Tsuntsaye da Kunun Hajiya

Bakina ne ya jawo mini aikin. Ina zaune a kan kafet a falon Alhaji a Saint-Denis, gefen birnin Paris, na naɗe ƙafa kamar mutumin kirki, an ajiye mini lemo na ƙi taɓawa saboda kunya, sai Hajiya ta shiga zancen gida. Ta ce tun da ta baro Damagaram ba ta ƙara shan kunun zaƙi na gaskiya ba, irin wanda ba a sa masa sukari, tsiron gero kaɗai ke ba shi zaƙi. Wanda ake kawowa wajen suna da biki a nan, in ji ta, ruwan sukari ne da citta.

Ni kuwa a lokacin 'yarsu nake nema. Na yi wata da watanni ina hawa jirgin ƙasa daga Lyon ina zuwa gaisuwa, Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kawuna da zai nema mini auren daga Maraɗi ya ce ba zai ɗaga waya ba sai ya ji alamar ƙofa a buɗe take. Saurayin da ke cikin irin wannan hali, ko nonon kura aka ce ana so cewa zai yi ya san mai tatsa.

"Ai wannan mai sauƙi ne, Inna," na ce. "In zan dawo sai in taho miki da shi."

'Yar tasu, wadda zan riƙa kira mutuniyar, tana tsaye a bakin ƙofar kicin. A Paris aka haife ta, a kantin magani take aiki, kuma ta san iyakar girkina shinkafa da ƙwai. Ta kalle ni ta ɗaga gira ɗaya, ta koma ciki.

Kafin in kama jirgi na biya kasuwar unguwar Barbès na sayi gero mai kyau, fari tas, babu tsakuwa ko ɗaya. Na isa ɗakina a Villeurbanne, gefen Lyon, na jiƙa shi, na tsane, na shimfiɗa a kan tawul a banɗaki, na rufe da wani tawul ɗin. Kullum kafin in tafi aiki sai in ɗaga in leƙa, in yayyafa ruwa. Gero bai tsira ba. Abin da ya fito wari ne, irin wanda ya sa maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko bututun gidana ya toshe.

A wurin aikinmu, inda muke gwajin ƙarfin siminti, akwai wani Bafaranshe mai gemu da muke teburi ɗaya. Duk ƙarshen mako yana garejinsa yana dafa giya daga ƙwayar sha'ir, ba don sayarwa ba, don sha'awa kawai. Ya san ba na sha, ya daɗe da daina yi mini tayi, amma bai daina ba ni labarin tukwanensa ba. Da na kai masa kuka sai ya ce in kawo geron ya gani. Ya zuba a tafin hannu ya juya da yatsa, ya fashe da dariya. Surfaffen gero na saya, inji ya cire masa dusa ya haɗa da idon da ke tsira. Ni da na tashi a garin gero, ban taɓa tunanin wanda ake sayarwa don tuwo matacce ne ba.

Ya ce in je kantin abincin tsuntsaye, can ne kaɗai ake sayar da gero da ransa. Na je. Ba irin namu ba ne sak, ƙwayarsa ta fi santsi, amma gero ne. Matar da ke kantin ta ga na sungumi babbar leda, ta tambaye ni wane irin tsuntsu nake kiwo haka. Na ce mata guda biyu ne, tsofaffi, a Paris suke. Allah ya yafe mini, har yau ban ba Hajiya wannan labarin ba.

Wannan karon banɗaki ya zama gona. Saiwoyi farare suka fito suka sarƙe tawul, ƙamshin ɗanyen hatsi ya cika ɗakin. Na shanya tsiron nesa kaɗan da na'urar ɗumama ɗaki har ya bushe, na murje saiwar, na niƙa a injin markaɗe. Daga nan na yi abin da kowane Bahaushe zai yi in an ce ya dama kunu. Na haɗa garin tsiro da garin gero, na kwaɓa, na tafasa ruwa har yana tsalle, na sheƙa a kai ina juyawa.

Ya yi kauri, ya yi kyau a ido. Na rufe na bar shi ya huce, na ɗanɗana. Babu zaƙi ko na ƙamshi. Da wannan abin za a iya manna takarda a bango ta shekara ba ta faɗi ba. Na ƙara tsiro na sake, na rage ruwa na sake, na ƙara citta don in ruɗi harshena, duk labari ɗaya. Na kira mutuniyar na ce ina ganin ɗan sukari kaɗan ba zai yi laifi ba, wa zai sani?

"Mama za ta sani," ta ce. "Tun daga ƙamshi. Kuma Papa na kallonka, ka ce za ka yi abu, shi jira yake ya ga ko kai mai cika magana ne. Bon, ka ci gaba."

Wata Asabar mai gemu ya zo ɗakina da kaya cike da mota. Akwai babbar kula mai riƙe zafi, an manna mata hoton kofi yana kumfa. Akwai ma'aunin zafi, da kwalabe masu ruwan ƙasa da ya ce in zuba kunun idan ya yi, da wani siririn gilashi da ake sakawa cikin ruwa, in ruwan na da zaƙi ya taso sama, in babu ya nutse. Ya tace kununa na jiya ya saka gilashin. Gilashi ya nutse kamar an jefa shi rijiya.

Ya zauna a bakin gado ya yi mini bayani. Ya ce hatsi cike yake da sitaci, kuma in ya tsira yana haifar da wani sinadari da ke yanka sitacin ya mai da shi zaƙi. Duk gwanintar mai wannan sana'a ita ce nawa ya iya cirowa daga zaƙin da ke ɓoye a cikin ƙwaya. Shi in ya ciro kashi uku cikin huɗu yakan yi murna. Ni, a cewarsa, ko ƙofar rumbun ban buɗe ba.

Muka fara bin laifi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗebi dusar da na tace ya tauna, ya tofar da tsakin gero a hannunsa ya nuna mini. Niƙana bai yi laushi ba, rabin hatsin kwandon shara yake tafiya. Muka sake niƙawa muka tankaɗe. Ya ce ruwan famfon Lyon farar ƙasa ta yi masa yawa, yana son ɗan tsami, ya fara lissafa mini sunayen magungunan da yake ɗigawa. Na buɗe kabad na ɗauko tsamiya. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce za ta yi. Sai na ɗora ruwa ya tafasa, na ɗauko butar na nufi kwaɓin.

Ihun da ya yi sai da na kusa ƙona ƙafata. Ya ce me zan yi? Na ce kunu zan dama. Ya ce da tafasasshen ruwa? To ai shi ke nan, ni ne nake kashe sinadarin da hannuna, ba ya jure irin wannan zafin, duk wahalar tsiron da nake yi a banza take tafiya. Raina ya ɓaci. Na ce masa tun ba a san za a gina Lyon ba kakannina suke dama kunu, kuma ban taɓa ganin macen da ta dama shi da ruwan ɗumi ba. Ya ce to kakannina su zo su sa gilashin nan ya taso.

Muka yi irin tasa. Ruwa mai zafi amma bai tafasa ba, yana ta leƙa ma'auni kamar mai jinya, muka zuba a kula muka rufe muka jira. Da muka buɗe, ruwa a sama, gari kwance a ƙasa, ɗanye shar. Zaƙin ɗan kaɗan ne, sai ka rufe ido ka nemo shi. Gilashi ya ɗan ɗago kai ya tsaya. Mai gemu ya yi ta sosa gemu. Ya ce sha'ir a wannan zafin yake sakin jiki, bai san gero taurin kai gare shi ba. Na ji daɗin ganinsa a haka, ba zan ɓoye ba, amma daɗin bai ba ni kunu ba.

Mutuniyar ce ta raba gardamar ta waya, tana kan hanyar komawa gida daga aiki, ƙarar jirgin metro na cinye rabin maganarta.

"To ku biyu kuna da matsala," ta ce. "Gero na son wuta, tsiro ba ya so. Me ya sa dole sai kun zuba su tare? Ka dafa geron shi kaɗai irin naka, ya huce, ka zuba tsiron irin nasa. Wala, shi ke nan."

Na fassara wa mai gemu. Muka tashi ba wanda ya kalli wani. Na dama garin gero da tafasasshen ruwa ya yi kauri har ludayi na tsayawa a ciki. Muka jira zafin ya sauka, shi yana kallon ma'auni, ni ina tsoma yatsa don in san wurin, daidai inda yatsa zai shiga amma ba zai iya zama ba. Muka zuba kwaɓin tsiro ɗanye, muka juya sosai, muka rufe. Bayan kamar awa biyu muka buɗe. Abin da ke da kauri ɗazu ya tsinke ya zama ruwa, gilashi ya taso yana rawa a sama. Na kai baki, na ji ni a ƙofar makarantarmu ta firamare lokacin tara, da ƙwandala a hannu. Mai gemu ya sha kofi biyu, ya ce asara ce a bar wannan ba yisti. Na ce ya kiyaye ni.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ɗan ƙasarmu ne da ke karatu a jami'a, ya zo aron akwati. Ya shigo ya ga tsiro shanye a kan zani, ya ga kula mai hoton kumfa, ya ga kwalabe jere a ƙasa, ya ga Bature mai gemu yana juya tukunya hannun riga a naɗe. A garinmu, duk gidan da aka ga an baza tsiro da yawa an san abin da ake dafawa a bayansa. Ya gaishe ni a tsaitsaye, na miƙa masa kofi ya ce ya ƙoshi, ya ɗauki akwati ya fita.

Labari ya riga ni zuwa Paris, kuma bai sayi tikiti ba. Ran Talata mutuniyar ta kira, muryarta babu wasa, ta ce Papa ya ji, wai ina dafa giya a Lyon tare da Turawa. Ba a jima ba Alhaji ya kira da kansa. Mutumin da kan tambayi lafiyar mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, ranar sallama kawai ya yi.

"Ka taho ran Asabar da sahe," ya ce. "Ka taho da geron. Kayan wancan mutumin kada in gan su a gidana. A gabana za ka yi abin da kake yi."

Na ji tsoro sosai. Na san in ya yanke cewa ni mashayi ne, ko abokin sana'ar mashaya, babu kawun da zai gyara maganar. Na kuma san ba kula, ba ma'auni, ba gilashi, kuma sau ɗaya tak abin ya taɓa yi mini daidai.

Na sauka Paris na shiga jirgin metro, layi na goma sha uku, da leda biyu a ƙirji, ɗaya garin gero ɗaya garin tsiro, mutane na matse ni ina kare su kamar jarirai. A gidan, bayan na durƙusa na gaida su, Hajiya ta nuna mini kicin tana kawar da kai. Saurayi a kicin ɗin iyayen budurwa, ni kaina kunya kamar ƙasa ta tsage. Alhaji ya jawo kujera ya dasa a bakin ƙofa, da carbinsa da tabarau. Mutuniyar aka ce ta zauna a ɗaki.

Ya sa na buɗe kowace leda ya shinshina. Ya tambayi tsamiyar ta mece ce, na faɗa masa. Na dama geron, ya yi kauri, na kafa ludayi a tsakiya ya tsaya. Na tsaya ina tsoma yatsa ina cirewa, shi kuma yana kallona.

"Shi abokin naka," ya ce, "haka shike farawa?"

"Kusan haka, Baba."

"To tsakanin kununka da giyarshi mi ya rage?"

Na so in yi kwana-kwana, na ga ba riba. Na ce, "Yisti da kwanaki, Baba. Shi yana zuba yisti ya bar shi ya daɗe. Wannan ma in aka bar shi a wuri mai ɗumi ya kwana biyu, zai fara juyawa da kansa."

Alhaji ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ni kuma na ji kamar na haƙa wa kaina rami. Yatsana ya ce lokaci ya yi, na zuba tsiron, na juya har hannuna ya gaji, na sake kafa ludayin na rufe. Na ce ana bukatar abin da zai riƙe zafi. Hajiya ta kawo bargo, na ce bai isa ba, kicin ɗin da sanyi. Alhaji ya tashi ya ɗauko babbar rigarsa ta sanyi da ke rataye a bayan ƙofa, ya lulluɓe tukunyar da kansa, har da sa maɓalli ɗaya.

Muka yi azahar tare. Aka kawo abinci na tsakura. Shi kuwa ya koma kujerarsa ya ci gaba da gadi, kamar wani zai shigo ta taga ya zuba wani abu. Ni ina falo gumi na karyo mini, ina tunanin ko yatsana ya yi ƙarya, ko ruwan Paris ya fi na Lyon taurin kai.

Da lokaci ya yi na cire riga, na cire bargo, na ɗaga murfi. Ludayi ya kwanta, yana iyo a cikin ruwa. Na tace, na sa citta da kanumfari, na ɗan tafasa shi, na zuba a kofi na miƙa wa Hajiya da hannu biyu. Na ce ta duba ko haka ake yi, tunda ita ta san asalinsa.

"Ni ina na sani?" ta ce. "Ban taɓa yi ba. Yayata ce mai yi, ni sha kawai nake. Na ce in na koma hutu za ta koya mini, ban koma da wuri ba."

Ta kurɓa. Ta riƙe a baki kafin ta haɗiye, ta sake kurɓa, sai ta juya ta fuskanci taga ta ba mu baya. Da ta juyo idonta ya yi ja, ta ce na yayarta ya fi wannan tsami kaɗan, ta miƙo kofin a ƙara mata.

Alhaji ya karɓi nasa ya yi bisimilla, ya sha rabi, ya leƙa tukunyar. Babbar tukunyar biki ce, cike kusan baki, don ni a ruɗe na zazzage garin duka.

"Ka ce in ya kwana juyawa shikai," ya ce.

"A firiji zai yi kwana biyu lafiya, Baba."

"Ba ni da wannan maganar. Abin ga ba ya kwana a gidana. Kahin magariba ya ƙare."

Mu huɗu muka sha har ciki ya ɗaure, tukunya ko rabi ba ta yi ba. Alhaji ya ce a kawo duk wani jug da kwano mai murfi da ke gidan. Aka cika su aka jera a babban faranti, ya ce in ɗauka in biyo shi. Muka fita baranda muka fara bin ƙofofi, shi a gaba yana danna ƙararrawa, ni a baya ina fama da nauyin faranti. Ya ba wata 'yar Mali, ya ba wasu Larabawa, ya ba wata tsohuwar Baturiya da ta yi ta tambaya ko miya ce. Kowa sai ya gaya masa a sha yau, kada a ajiye. Ni dai ina bin sa, ban san ko an wanke ni ba ko kuwa ana kawar da shaida ne kafin a sallame ni.

A hawa na ƙasa muka tsaya ƙofar wani dattijo ɗan Tawa, abokin Alhaji na masallaci, wanda na tabbata labarin giyar ya biyo ta kunnensa. Ya buɗe, suka gaisa doguwar gaisuwa ina tsaye da faranti. Ya buɗe murfin jug ya shinshina, ya kurɓa a tsaye, ya ɗaga kai.

"Kai, Alhaji! Wanga na tsiro ne. Hajiya ta yi?"

"A'a," in ji Alhaji, ya nuna ni da haɓa ba tare da ya juyo ba. "Surukina ya yi. Ka maido jug ɗin gobe."

Farantin ya karkace a hannuna, kunu ya zubo mini a takalmi. Alhaji ya riga ya kama matakala, yana cewa in yi sauri akwai sauran ƙofa biyu.